Idon maƙeri ya gaji, Zuru na buƙatar tanderu na kowa da kowa

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah wani mahauci ya shigo rumfar maƙerin da muke maƙwabtaka da shi a nan Zuru, ya ajiye wuƙaƙe biyu a kan uwar maƙera bai ce uffan ba. Ta farko bakinta ya ɓantare wuri uku, kamar ɓera ya gwaigwaye ta. Ta biyu ba ta ɓantare ba, sai dai kaifin ya kwanta gefe guda, ko igiya ba za ta yanka ba. Hannu ɗaya ne ya ƙera su, rana ɗaya, da gawayi ɗaya. Dattijon bai yi musu ba. Ya zura hannu cikin buhu ya zaɓo wasu biyu ya miƙa masa, ya ba shi haƙuri. Sai da mutumin ya ɓace sannan ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, hannun nan bai sake ba. Ƙarfen ne ya sake, ido kuma ya soma gajiya."

"Haba Baba, ai kullum haka kake yi, kuma ana yabawa."

"Wadda ta yi kyau ake yabo. Wadda ta ƙi, shiru mutum yake yi, ya koma wurin mai kayan kanti."

Sana'ata gyaran wuta ce: wayarin gidaje, naɗin koyil na fanka da injin ban-ruwa. Ban gaji ƙira ba, ban taɓa riƙe masaɓa da sunan aiki ba. Amma maganar nan ta tsaya mini a rai, har na shafe kusan shekara ina fama da tubali da waya a bayan shagona, na haɗa ɗan tanderun lantarki na gasa wuƙa. Abin da na gani a wannan shekarar shi ya sa nake ganin ya kamata maƙeran Zuru su sami irin wannan tanderu, guda ɗaya tak, na haɗin gwiwa, wanda yaranmu za su gina da hannunsu.

Wanda bai zauna maƙera ba yana ɗauka duka shi ne ƙira. Duka siffa yake bayarwa. Ingancin wuƙa yana fitowa ne a 'yan mintunan ƙarshe, lokacin da aka mayar da ita wuta ta yi ja sannan aka tsoma ta. Ƙarfen da ke yin wuƙa shi ne wanda ke ɗauke da isasshen sinadarin kabon, irin sifirin mota da tsohon magagari da boris. Rodin gini yawanci kabon ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ko an tsoma shi ba ya riƙe kaifi. Idan ana gasa ƙarfe, da ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas sai maganaɗisu ya daina kama shi. Ana so a ɗan gota nan, a kai tsakanin 800 da 830 ga yawancin irin waɗannan ƙarafa, a bar zafin ya ratsa ko'ina, sannan a tsoma nan take. Idan zafin bai kai ba, ƙarfen ba zai yi tauri ba, kamar wuƙar mahaucin ta biyu. Idan ya zarce sosai, ƙwayoyin cikin ƙarfen sukan yi girma, bakin ya riƙa ɓarewa kamar ta farko.

Ko an dace a nan, aiki bai ƙare ba. Ƙarfen da ya fito daga tsomawa tauri gare shi, amma da gautsi, idan ya faɗi a kan siminti yana iya tsinkewa biyu. Dole a sake ɗumama shi a zafi kaɗan, tsakanin digiri 180 da 230, a bar shi awa ɗaya ko biyu, don ya rage gautsi ya sami danƙo. Wannan mataki na biyu shi aka fi yi wa gaggawa a maƙerunmu, kuma shi ya fi jawo a dawo da kaya.

Duk wannan Baba ya san shi, lambobin ne kawai bai sani ba. Ba ya tsoma wuƙa da rana tsaka, sai la'asar sakaliya ko bayan magariba, domin hasken rana yana ɓoye jan ƙarfe, ka ɗauka bai nuna ba alhali ya wuce. Na sha tsayawa ina kallonsa a mataki na biyu. Yakan goge gefen wuƙar da dutse har farin ƙarfe ya bayyana, ya riƙe ta da awartaki, ya ɗora gadon bayanta a kan garwashi, ya zuba ido. Launi yakan taso daga baya yana gangarowa wajen kaifi: da farko ruwan kara, sai ruwan zuma, sai shunayya, sai shuɗi. Da ruwan kara ya iso bakin sai ya fizge ta ya tsoma. Ruwan kara yana bayyana a wajen digiri 220 zuwa 230, shuɗi kuwa wajen 300. Tazarar ba ta kai digiri ɗari ba, kuma a kan garwashi cikin 'yan daƙiƙu take wucewa. Mutumin da ya haura saba'in, wanda ya yi shekara hamsin yana kallon wuta, da wannan ɗan ƙiftawar yake neman abincin iyalinsa. Ni dai ban taɓa kallon wannan aiki ban ji girman mutumin ya ƙaru a idona ba.

Da ya ce ƙarfen ya sake, gaskiya ya faɗa. Ƙasar nan ta daɗe da sanin ƙarfe. A Taruga an tono murahun narka tama na mutanen Nok da suka haura shekara dubu biyu, kuma maƙera ne suka fara zama a gindin Dutsen Dala kafin Kano ta zama birni. Maƙerin wancan zamani ya san ƙarfensa tun yana dutse. Da ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka cika kasuwa a zamanin mulkin mallaka, narka tama ya mutu. Kamfanin Ajaokuta da aka soma ginawa a 1979 har yau bai wadata ƙasar da ƙarfe ba. Saboda haka maƙerin yau wurin 'yan gwangwan yake zuwa, ya ɗaga guntun sifirin, ya ƙwanƙwasa, ya saurari ƙararsa, ya biya. Bai san daga wace mota ya fito ba, bai san abin da aka gauraya a cikinsa ba. Sifirin da yawa akwai wasu sinadarai a cikinsu da ke sa ba sa jure ruwa, mai suke so. Ka tsoma a ruwa ka ji "ƙas", aikin yini guda ya tsage. Ido ɗaya ake nema ya karanta ƙarafa iri-iri da bai taɓa gani ba.

Tanderun da na haɗa ba wani abin al'ajabi ba ne. Mai walda ya yi mini akwati da angul da farantin ƙarfe. Cikinsa na jera tubalin wuta, irin farin nan marar nauyi wanda ko da cokali kana iya kankare shi. Bulon siminti ba ya wannan aiki, fashewa yake yi, jan bulo kuma shanye zafin yake yi maimakon ya tsare shi. Na bar rami mai tsawon santimita 45, faɗi 12, tsayi 10, daidai wuƙar fawa ko lauje. A jikin tubalin na sassaƙa kwari, na kwantar da waya da na naɗa a jikin sanda kamar yadda nake naɗa koyil. Wayar ita ce ake kira Kanthal, asalinta daga ƙasar Suwidin, tana jure zafin da ya haura digiri 1,200. Lissafinta duk yaron da ya yi aji biyu a makarantar fasaha zai iya: a wutar gida mai bolt 230, idan kana son wat 2,000, sai ka yanki wayar da turjiyarta ta kai om 26 da ɗan kai. Sai tsinken awon zafi da ke leƙawa cikin ramin, da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, wadda kake gaya mata zafin da kake so, ita kuma ta riƙa kunnawa tana kashewa don ya tsaya a nan.

Karon farko ban yi amfani da wannan wayar ba. Wayar hita na saya a kasuwa, siririya, kuma naɗin ya matsu har zoben yana taɓa zobe. A kunnawa ta uku ta ƙone. Na jira wata biyu kafin a kawo mini ta kirki daga Kano. Karo na biyu wuƙaƙen Baba biyar na ciki, ma'auni ya nuna 600, aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai washegari. Abin da ya fi ba ni wahala ma shi ne wutar da ke zuwa ba ƙarfi. Akwai daren da mitata ta nuna bolt 180. Mutum zai ce ai ragin kaɗan ne, amma zafin waya ba haka yake sauka ba: a bolt 180, tanderun wat 2,000 bai fi wat 1,200 da 'yan kai yake bayarwa ba. Na zauna har ƙarfe ɗaya na dare ina kallon lamba tana lilo a wajen 700, ta ƙi gaba.

Ranar da aka dace, mun yi gwaji. Baba ya ƙera wuƙa goma daga sifiri guda. Biyar ya gama su a hanyarsa, biyar muka sa a tanderu, muka tsoma a man gyaɗa mai ɗumi, muka mayar da su digiri 200 na awa biyu. Da safe ya ɗauki magagari yana gogawa a bakin kowace. Idan ƙarfe ya yi tauri, magagari zamewa yake yi da wata ƙara siririya, idan bai yi ba sai ya ci. Ya sassari busasshen ƙashi da kowace, ya duba bakin a hasken rana, ya shafa da babban yatsa. Ya daɗe bai yi magana ba.

"Tawa ta farkon nan ta fi naka duka," in ji shi. "Amma nawa kowace da halinta. Naka kuwa uwa ɗaya uba ɗaya."

Ban taɓa jin wanda ya bayyana amfanin na'ura a taƙaice kamar haka ba. Tanderu bai fi gwanin maƙeri a ranar da ya dace ba. Abin da yake yi shi ne ya sa ta goma ta fito kamar ta farko. Kuma wannan shi ne abin da ke kai mutanenmu ga kayan waje. Matar da ta sayi wuƙar Tramontina ta ƙasar Barazil, ko manomin da ya nemi adda mai tambarin kada, ba don sun raina maƙerin unguwa ba ne. Sun san abin da za su samu kafin su biya. Talaka ba ya da kuɗin saye sau biyu.

To me ya sa ban ce kowane maƙeri ya gina nasa ba? Saboda na gwada, na ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin wutar ba shi ne damuwa ba. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin farko na masu amfani da wuta a Afrilun 2024, tanderun wat 2,000 da ya yi awa biyu bai wuce yunit huɗu ba, wato naira 900, a raba wa wuƙa goma. Damuwar ita ce samun wutar da za ta tsaya awa biyu da ƙarfinta. Ƙaramin janareton da ke shagunanmu bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauka ba. Babba kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, man da zai sha ya cinye ribar. Ga tsadar tubali da waya da na'ura, waɗanda duk daga nesa ake kawo su. Maƙerin da ke sayar da lauje ɗaya-ɗaya ba zai zuba jarinsa a akwatin da zai yi mako bai kunnu ba, kuma ba zan ba shi wannan shawarar ba.

Amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin gari ba, kuma ƙasar Zuru ba baƙuwar aikin gayya ba ce. Mutanen da suka riƙe al'adar golmo, samari su haɗu su nome gonar surukai shekara da shekaru, ba sai an koya musu haɗa hannu ba. Tanderu guda mai ɗan girma, a wuri guda mai wutar sola da batir, ya isa maƙeran cikin gari da na Dabai da Rikoto, har na Ribah da Mahuta da Dirin Daji su riƙa aiko da kaya ranar kasuwa. Maƙeri ya yi ƙirarsa a rumfarsa da gawayinsa kamar kullum, ya tara kayan mako, ya kawo a gasa, ya biya kuɗi kaɗan a kan kowane guda, kamar yadda mata ke kai niƙa inji.

Wurin ajiye shi ma akwai. Muna da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Zuru, inda ake koyar da yara aikin lantarki da na ƙarfe. Muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020 a kan harsashin tsohuwar kwalejin aikin gona. Jami'ar noma da ke zaune a tsakiyar manoman da har yau fartanya da lauje ne makamansu, ina ganin babu binciken da ya fi kusa da ita kamar ingancin bakin fartanya. Ɗaliban da ake ba aikin kammala karatu, a ba su wannan: su gina tanderun, su auna shi, su karɓi guntayen sifirin da maƙera ke saye su gwada kowane iri, su rubuta a allo da Hausa da harshen C'lela cewa irin wannan zafi kaza yake so, mai yake so ko ruwa. Garin nan kuma cike yake da tsofaffin sojoji, cikinsu akwai waɗanda suka yi aiki a sashen gyaran injuna da lantarki. Suna zaune da iliminsu, a kira su.

Tubalin ma bai kamata mu dawwama muna saye daga nesa ba. Yadda ake yin sa sananne ne: farar ƙasa mai jure wuta, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a kwaɓa ta da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gasa. Ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan ramuka, su ne ke tsare zafi. Jihar Kebbi ba ta rasa ƙaiƙayin shinkafa ba, tsibi-tsibi ake zubar da shi a bayan injina. Gasa yumɓu kuwa, matan Lelna na ƙasar Zuru sun yi suna a kansa tun kaka da kakanni, har kayan da suka gina suna ajiye a gidajen tarihi na ƙasashen waje. A haɗa ɗalibi da tsohuwa mai ginin tukwane a ga abin da zai fito.

Idan kuɗin babban tanderu bai samu yanzu ba, a fara da rabin aikin. Mataki na biyun nan digiri 200 kawai yake nema, zafin gasa burodi. Ɗan akwati mai cin wuta kaɗan ya isa, sola za ta ɗauke shi da rana. Maƙeri ya tsoma da idonsa kamar yadda ya saba, ya kawo a cire gautsin da ma'auni. Daga abin da na gani a rumfar Baba, wannan kaɗai zai rage yawan wuƙaƙen da ke ɓantarewa.

Na ji masu cewa wannan kashe gado ne. Ina girmama masu wannan tsoro, amma su tuna cewa a rumfuna da yawa zuga-zugin fata ya ba fanka mai wilin keke wuri, ba wanda ya ce ƙira ta mutu. Abin da ke kashe gado shi ne ɗan maƙeri ya ga sana'ar ubansa ba ta ciyarwa, ya ajiye masaɓa ya hau acaɓa. Gawayin kirya da maƙera suka fi so kullum ƙara tsada yake yi saboda itacen na ƙarewa, duk abin da zai rage ɓarnar aiki taimakon gadon ne.

Akwai kuma wanda ya tare ni a masallaci ya ce, a wannan hali na rashin tsaro da ake ciki, wuƙa za ka koya wa mutane gyarawa? Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Duk ɗan ƙasar Zuru ya san abin da ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba suka gani, kusan kowane gida akwai wanda aka yi wa ta'aziyya. Amma bindiga ce ta tashi waɗannan garuruwa. Abin da ke fita daga rumfar Baba lauje ne da fartanya da gatari da wuƙar mahauta da askar wanzamai, kuma manomin da ya samu ya koma gonarsa su zai fara nema. Wurin gashi guda ɗaya, mai rajista da sunan kowane maƙeri da abin da ya kawo, ya fi sauƙin sa ido a kan aikin da ake yi a ɓoye.

Gargaɗina ga samarin da ke ganin irin wannan a bidiyon waya su ce za su gwada a ɗaki: wayar da ke cikin tanderu tsirara take, wuta na gudana a jikinta. Ka buɗe ƙofa ka zura awartaki ya taɓa ta, ba za ka ba da labari ba. Dole a sa makunni a ƙofar da zai yanke wuta da zarar an buɗe, dole a haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa, kuma wayar da ta ɗauko wutar ta zama mai kauri. Kada a tsoma a baƙin man mota, hayaƙinsa guba ne. Man tsomawa yana kamawa da wuta, a ajiye murfin ƙarfe kusa, kada a watsa masa ruwa. Wanda bai koyi aikin lantarki ba ya nemi wanda ya koya. Wannan ma wani dalili ne na a yi shi a makaranta, ƙarƙashin idon malami.

Roƙona ga shugabannin makarantun nan biyu, da ƙungiyar maƙera, da Masarautar Zuru, shi ne su zauna a kan wannan kafin kaka mai zuwa. Bikin Uhola yana zuwa da baje kolin kayan gona. A ware rumfa guda, a ajiye lauje na gida da aka gasa da ma'auni kusa da na kanti, a ba manoma damin dawa su yanka da hannunsu su faɗi abin da suka gani. Nawa tanderun yana nan a bayan shago, duk malami ko ɗalibin da ke son auna shi ko kwafar lissafinsa ƙofa a buɗe take, ba na neman ko kwabo. Baba ya riga ya aiko da lauje goma sha biyu, suna jingine a bango, muna jiran daren da wuta za ta zo da ƙarfinta.